Tsokar Malam da Ake Ciyarwa a Birni

Ku matso, 'ya'yana da jikokina, na kusa da waɗanda waya za ta kai wa. Ku ara mini kunnuwanku, in na gama ku karɓi abinku. Wannan ba tatsuniya ba ce, ko da yake da bakin tatsuniya za ku ji ta, don shi kaɗai ne bakin da na gada. Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Ni ke faɗa, ana rubuta mini.

Shekarun baya, lokacin ƙafafuna suna kai ni duk inda na aike su, ni ce ungozomar ƙauyenmu, nan ƙasar Ikara, ta wajen Malikanci. A aikinmu, in jariri ya faɗo ba a cewa an gama sai mabiyiya ta biyo, wato tsokar nan da ke fitowa bayan haihuwa. In wanke ta, in naɗe ta a ƙyalle mai tsabta, in haƙa rami a bayan ɗaki, in kwantar da ita a hankali, in mayar da ƙasa. Kakata ce ta koya mini, kuma ba da wasa ta koya mini ba. Takan ce abin da ya fito daga jikin mutum bai gama rabuwa da shi ba. In kare ya tono, mai shi zai ji a jikinsa. In maƙiyi ya samu, ya samu mai shi. Shi ya sa a gidanmu ko gashin aski ba a bari iska ta ɗauka, ko farce aka yanke sai an tona ƙasa an rufe. A kan haka na tashi, a kan haka na tsufa, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba.

Mijina, Malam, manomin rake ne. Gonarsa tana fadama ta wajen Makarfi, kuma in an sare rake shi ke dafa mazarƙwailarsa da kansa. Mutum ne mai barkwanci, ko gawa aka je ɗauka sai ya danne bakinsa da ƙyar. Tun yana yaro ƙafarsa cikin ruwan fadama take, kuma tun yana yaro yake da tsargiya. A wurinmu a da, namiji ya yi fitsari da jini ba abin tayar da hankali ba ne. Har akan ce yaro ya fara zama namiji.

To, wata safiya na shiga makewayi bayan fitowarsa, na ga jini. Ba irin ɗigon nan na ƙarshen fitsari ba. Guda-guda ne, baƙi, kamar hantar kaza. Ni da jini mun saba, sana'ata ce, amma wannan ya sa na dafa bango.

Na same shi yana ɗaura wa kekensa fartanya. Na ce, "Malam, me na gani a makewayi?"

Ya ce, "Tsohuwa, leƙen me kike yi mini? Tsargiya ce. Tsohuwar abokiyata ce, ta riga ki zuwa gidan nan."

Na ce, "Wannan ba kamarta ba ce."

Ya ce, "Ita ma ta tsufa, kamanninta sun canja. Ke naki ba su canja ba?"

Ya hau keke ya tafi yana dariya. Na dafa masa saiwoyi, ya sha, jinin ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke, ya dawo. Haka muka ci damina guda. Sai ranar nan da rana tsaka aka kawo shi a kan babur, mutum biyu sun sa shi a tsakiya. Fitsari ya ƙi fita sam. Mararsa ta kumbura kamar mai ciki wata biyar, gumi yana zuba, mutumin da ban taɓa jin kukansa ba yana kiran sunan Allah da wata murya siririya da ban san yana da ita ba.

Autata tana aure a Kudan. Ita ce ta ɗan yi makaranta a cikin 'ya'yana, ita ce mai ƙarfin hali. Aka buga mata waya, ta zo da mota. A asibitin kusa suka sa masa roba, fitsari ya fito ja wur, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu wuce babban asibiti a birni.

A can aka zura masa wata siririyar waya mai ido ta hanyar fitsari, aka leƙa cikin mafitsara. Likita ya kira mu, ya ce akwai tsiro, kuma yana zaton ciwon daji ne. Ya ce tsohuwar tsargiya da ba a kashe ba takan buɗe wa irin wannan ƙofa. Da ya ce daji, sai na saki salati. Autata ta riƙe ni. Malam ya dubi silin, ya ce, "To, abokiyar tawa ashe da baƙo ta zo."

Aka ce za a kankare tsiron ta wannan hanyar dai, ba sai an tsaga ciki ba. Ni kuwa da jin haka na aiki autata kasuwa ta sayo mini farin ƙyalle. A zatona in sun cire za su miƙo mini abinmu, in kai gida in binne, kamar yadda ake yi.

Ana gobe za a shiga da shi, wata mata ta zo bakin gadonsa. Yarinya ce a idona, ba za ta girmi autata ba, da farar riga a kan atamfarta. Ta durƙusa ta gaishe mu da Hausa mai kyau, ta tambayi mai jiki, ta tambayi hanya. Sannan ta ce ita ba likitar da ke yi masa aiki ba ce, mai bincike ce, tana neman hanyar da za a hana irin wannan ciwo yaɗuwa. Ta ce in Baba ya yarda, tana roƙon a ba ta ɗan kaɗan daga abin da za a cire, ta yi nazari a kai. In bai yarda ba, ba abin da zai ragu daga kulawar da ake ba shi.

Kafin ya buɗe baki na ce, "A'a."

Malam ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Jikinki ne?"

Na ce, "Malam, tsokarka ce fa."

Ya ce, "Tsokar da ban gayyato ba. Baƙon nan ya sauka gidana ba sallama, yana ci yana ɓarna, yanzu ga mai so ta zo. 'Yar nan, ɗauki abinki. In kina son duka ma ki kwashe."

Mutanen gadajen kusa suka yi dariya. Ni kuwa na bar maganar, don mace irin ta zamaninmu ba ta ja da mijinta a gaban jama'a. Aka yi aikin, aka fito da shi lafiya. Na tambayi ragowar, aka ce an kai ɗakin gwaji, ba a ba da shi. Na dawo gida da ƙyallena a ninke yadda aka sayo shi.

Gwaji ya tabbatar daji ne. Aka sa Malam ya riƙa komawa birni lokaci-lokaci, ana ɗura masa magani a cikin mafitsara, ya riƙe shi ɗan lokaci, sannan ya fitar. Maganin nan yana ƙona shi, yana sa masa zazzaɓi, amma jini ya tsaya. Likita ya gaya mana tun farko cewa in tsiron ya dawo kuma ya kama naman bango, sai dai a cire mafitsarar gaba ɗaya. Muka ce Allah ya kiyaye, muka ajiye maganar can nesa.

Ina ɗan samun kwanciyar hankali ke nan, sai wata rana autata ta zo duba shi. Ina zaune a tsakar gida ina tankaɗe, ta zauna kusa da ni tana fara'a.

Ta ce, "Inna, na haɗu da matar nan mai bincike. Tana gaishe ku. Murna take yi, wai tsokar Baba ta kama."

Na ce, "Ta kama me?"

Ta ce, "Ta rayu. Ba kowacce ke rayuwa ba, amma ta Baba tana girma. Suna ba ta wani ruwan abinci, suna ajiye ta a akwati mai ɗumi kamar jikin mutum, har ta cika faranti sun raba ta biyu."

Ban san lokacin da rariya ta faɗi daga hannuna ba. Garin ya watse, kaji suka taso.

Ku tsaya ku ji da kunnen da na ji. Ciwon da ke son kashe mini miji, an cire shi, ba a binne ba, ba a ma bar shi ya mutu ba. Ana ba shi abinci. Ana ɗumama shi kamar jariri bakwaini. Ya cika faranti, an raba shi biyu. To yaya na jikinsa zai mutu alhali ɗan uwansa yana can yana ƙoshi?

Autata ta ce, "Inna, ba haka abin yake ba." Na ce yaya yake? Ta ce ita ma ba za ta iya bayani ba, amma ba haka yake ba. Wannan ba amsa ba ce a wurin tsohuwar da ta binne mabiyiyar rabin ƙauye.

Daga ranar nan ban sake ganin Malam da ido ɗaya ba. In ya yi nishi, in ce a raina yanzu aka zuba wa wancan abinci. In zazzaɓi ya kama shi, in ce ɗumin akwatin ne. In ya ture kwanon tuwo, in ce ai dole, wani yana ci masa. Ina salla ina ganin farantin nan a kan darduma, alhali ban taɓa ganin sa ba. A zuciyata wata jar tsoka ce mai numfashi, tana kumbura tana saɓewa.

Na gaya masa. Ya yi dariya har yana riƙe mara. Ya ce, "Wato ina da ɗa a birni ana yi mini renonsa kyauta? Ki ce su sa shi makaranta."

Amma bayan an shiga kaka, jini ya dawo. Wannan karon ban leƙa ba, shi ya kira ni ya nuna mini. Muka tsaya mu biyu muna kallon ƙasa. Aka koma birni, aka sake zura wayar nan mai ido, aka ce ya dawo, kuma ya fi na da kama nama. Likita ya ce lokacin maganar nan da muka ajiye ya yi, kuma kada a ja lokaci. Ya sa mana ranar da za mu zo da amsa.

Malam ya dawo gida ya daina barkwanci. Wannan ya fi jinin ba ni tsoro. Gida ya yi tsit, har maƙwabta suna tambaya ko ya yi tafiya. Yakan zauna a inuwar rumbu bayan la'asar, carbi a hannu amma ba ya ja. Wata rana na kai masa kunu, na juya zan tafi, ya ce, "Tsohuwa."

Na ce, "Na'am, Malam."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Wai har yanzu suna ba shi abincin?"

Na durƙusa a inda nake. Ya ce, "Ba za a sake sa mini wuƙa ba sai an dawo mini da na farko. Me amfanin a sare rake a bar saiwa ana yi mata ban ruwa? Su cire mini mafitsara, su bar ni da ledar fitsari a gefen ciki, kuma abin ya sake tsirowa?"

Autata ta yi kuka, ta yi roƙo, ta ce likita ya ce jinkiri shi ne hatsarin. Ya ce ya gama magana. Mutum ne mai wasa, amma in ya kafe ko shanun huɗa ba sa ja da shi.

Ranar komawa ta zo. Muka tafi mu uku, na sa ƙyallena a cikin jaka. Da muka zaunar da shi a layin ganin likita, na ja autata gefe na ce ta kai ni wurin matar nan. Ta ce, "Inna, ba a shiga wurin haka kawai." Na ce ɗakunan da na shiga ba a gayyace ni ba sun fi gashin kanta yawa.

Wani gini ne can baya, shiru kamar ba mutane. Autata ta buga mata waya, ta fito da sauri. Ta durƙusa za ta fara gaisuwa, ni kuwa, Allah ya yafe mini, ko amsawa ban yi ba. Na fito da ƙyalle na shimfiɗa a tafin hannuna. Na ce, "Na zo karɓar naman mijina."

Ba ta yi dariya ba. Da ta yi, da ban san abin da zai faru ba. Ta kawo kujera ta zaunar da ni, ita ta tsuguna, ta ce, "Mama, gaya mini." Na gaya mata duka, tun daga kakata har maganar da Malam ya yi a inuwar rumbu. Da na zo kan cewa ya ƙi aiki, sai na ga fuskarta ta canja, ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Mama, nasa ne. In ya ce in daina, yau zan daina. Amma ina roƙon ki zo ki gan shi tukuna."

Ban so ba. Amma na bi ta. Aka sa na cire takalmi na sa wasu, aka yafa mini farar riga a kan mayafi, aka ce kada in taɓa komai. Ɗakin sanyi ƙalau, injuna suna gurnani ƙasa-ƙasa. Ina ta karanto duk addu'ar da na sani. Ta sa safar hannu, ta buɗe wani akwati, ta fito da abu. Na runtse ido.

Ta ce, "Ga shi, Mama."

Na buɗe. Wasu 'yan faranta ne guda biyu na roba, ko murfin gwangwanin madara ya kusa kai su, da ɗan ruwa ja-ja a ciki kamar an tsarma zoɓo. Ba tsoka, ba numfashi, ba komai.

Na ce, "Ina naman?"

Ta ce ido ba ya ganin sa. Ta ɗora na farko a ƙarƙashin madubinsu, hoton ya fito a wani allo kamar talabijin. Sai ga su. Wasu ƙanana ne birjik, sun cunkushe, wani a kan wani, kamar ƙwan kwaɗi a bakin fadama. Na ja da baya. Na ce a'uzubillahi. Ashe ga fuskar abin da ke cin Malam.

Ta ce, "Mama, a ƙauyenku ana gayya?"

Na ce ana yi.

Ta ce, "Jikin mutum duka irin waɗannan ƙwayoyin ne suka gina shi. In an ji rauni ana bukatar sababbi, akwai wani sinadari a cikinsu da ke kai saƙo, kamar mai kiran gayya. Ya ce ku fito, ku hayayyafa, akwai aiki. In aiki ya ƙare ya yi shiru, kowa ya koma gida. A cikin waɗannan, mai kiran ya ƙi yin shiru. An gama aiki yana kira, gona ta cika yana kira, ana tattake shuka yana kira."

Na ce, "To a kama shi mana."

Ta ce, "In an kama shi, wani ake aikowa. A cikin kowace ƙwaya akwai umarnin da mutum ya gada daga iyaye, daga nan ake fitar da saƙon a ƙera shi. Mu ba ma taɓa gadon. Wani ɗan abu muke sakawa ya tare saƙon a hanya ya lalata shi, sai a rasa mai kiran. Mukan ce mun rufe masa baki. Dubi wannan."

Ta ɗora faranti na biyu. Ta ce rana ɗaya aka zuba su, daga tsoka ɗaya, abinci ɗaya. Na duba. Fili ne fetal. 'Yan tsiraru can da can, wasu sun dunƙule sun saki, suna yawo a ruwa kamar ƙaiƙayi.

Jama'a, zuciyata ta yi tsalle irin wanda ba ta yi ba tun ina budurwa. Na kama hannun rigarta, na manta an ce kada in taɓa komai. Na ce, "'Yar nan, ashe kin gama da shi! To me kike jira? Zuba wa ɗayan ma. Zuba wa duka. In kin rufe bakin na nan, na jikin Malam zai yi shiru."

Ta ajiye farantin a gefe. Sannan ta ce, "Mama, abin da na kawo ki ki gani ke nan. Tun kafin jinin Baba ya dawo na rufe bakin irin wannan farantin, ba sau ɗaya ba. Da abin da ake yi a nan yana isa gare shi, da ya ji sauƙi. Ba ya isa. In na ciyar da wannan, Baba ba ya ji. In na kashe wancan, Baba ba ya ji."

Na ce, "To ba shi maganin ya sha. Ko ki ɗura masa yadda ake ɗura wancan."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce a faranti abu ne mai sauƙi, don ƙwayoyin suna kwance a fili. A jiki kuwa ba su gama sanin yadda za su kai shi ciki ba kafin fitsari ya wanke shi, kuma suna tsoron kada ya rufe bakin mai kira a inda jiki ke bukatarsa. Ta ce sai an gwada a dabbobi, sai an daɗe, sai hannaye da yawa sun taru a kai. Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Mama. Ba na jin Baba zai same shi. Abin da ke gabansa yau shi ne aikin da likitansa ya faɗa, kuma kowane jinkiri ciwon yake wa amfani."

Na shiga ɗakin nan da tsoro ɗaya, a ciki na tsinci buri ɗaya, kuma kafin in fito an karɓe su duka biyu. Ba wanda zan ɗora wa laifi, ba abin da zan binne in huta. Sai tsoro na gaskiya ya rage, tsirara, wanda ba shi da magani a hannuna. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman takalmina alhali suna gabana.

Muka samu Malam ya bar layi, yana zaune a gindin wata bishiyar darbejiya, ya ce sai ya ga abin da na zo da shi kafin ya shiga. Ya dubi hannuna, ya ga ba komai.

Ya ce, "Ta hana?"

Na ce, "Ba ta hana ba. Ta ce in ka ce a daina, yau za a daina."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na ba shi labari yadda na iya, da mai kiran gayya da faranti biyu. Na gaya masa an sha kashe na can, shi kuwa bai ji komai ba.

Ya ce, "Da idonki kika gani?"

Na ce, "Da idona."

Ya ce, "Ke da kanki kike gaya mini ba ruwan wancan da ni? Ke?"

Na ce, "Ni, Malam. Ban ce kakata ta yi ƙarya ba. Amma wannan na gan shi, kuma ba ya jin ka, ba ka jin sa."

Ya daɗe yana kallon mutane suna wucewa. Can ya ce, "Kuma ɗayan ya yi shiru?"

Na ce, "Tsit."

Sai na ga gefen bakinsa ya motsa, karo na farko tun kaka. Ya ce, "Ɗan banza. A gidana ya ƙi jin magana, a hannun yarinya ya ji. Ku bar mata shi ta ci gaba da ladabtar da shi." Ya miƙa wa autata hannu. "Tashe ni. Mu je su cire abin da za su cire."

Ya ƙanƙame hannunta kamar yaro, na gani. Shi ma ya san na gani.

An yi aikin, ya daɗe ƙwarai, kuma abin da na ji ina jira a bakin ƙofar ɗakin aikin ba zan iya sa shi a baki ba. Ya fito da rai. Aka buɗe masa wata 'yar ƙofa a gefen ciki, fitsari yana taruwa a leda ƙarƙashin riga. Abin da ya fi damun sa tsarkin salla ne, sai da limaminmu ya zo har gida ya kwantar masa da hankali cewa mai lalura yana da sauƙi.

In na waiwaya yau, ba wautata ke ba ni mamaki ba, don ban ɗauke ta wauta ba har yanzu. Abin da ke tsorata ni shi ne yadda muka kusa rasa shi. Da matar nan ta yi mini dariya, ko ta ce ba ta da lokacin tsohuwar ƙauye, da na dawo gindin bishiyar nan na ce ta hana, da Malam ya hau mota ya koma gida, kuma da ba a kai rani ba. Tsakaninsa da kabari a ranar nan kujera ɗaya ce da aka jawo mini.

Malam ya ƙara damina huɗu ko biyar a duniya. Bai sake shiga ruwan fadama ba, sai dai ya zauna a bakin tukunyar mazarƙwaila yana yi wa masu dafawa tsiya. Ledarsa kuwa ya raɗa mata suna amarya, wai ita kaɗai ce ba ta rabuwa da shi. Daga baya ciwon ya ɓullo a ƙashi, ya kwanta, Allah ya karɓi abinsa a ɗakinsa, muna kewaye da shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Autata tana Kudan da 'ya'yanta. Ta zama abin tsoron yaran unguwa, don duk wanda ta ji yana fitsarin jini sai ta je har gaban uwarsa ta tsaya, ba ta tafiya sai an kai shi asibiti.

Matar nan mai bincike ta zo mana ta'aziyya har ƙauye, ta sha wuyar neman hanya. Na tambaye ta ko an kai ga mutane. Ta ce tukuna, suna kan ɓeraye. Na tambayi baƙon Malam. Ta ce ta daskarar da wani kaso a cikin sanyi mai tsanani, in ana bukata a farkar da shi, kuma babban tashin hankalinta wuta ce, don in aka ɗauke kuma janareta ya ƙi tashi, aikin shekaru yana iya narkewa a yini guda. Ta ce in ina so yanzu a kawo ƙarshensa, in faɗa. Na ce mai shi ya riga ya yi magana, ni ba zan canja ba.

Ni kuwa ga ni nan, ido ya yi rauni, na bar karɓar haihuwa. Amma in aka ɗauke wuta a garinmu, sai in ji gabana ya faɗi, in kama tunanin ko an ɗauke a can, ko akwai wanda ya tashi ya tayar musu da inji. Ni da na je birni karɓo shi in binne, yau ni ce nake roƙon Allah kada abin nan ya mutu kafin yarinyar nan ta gama da shi.